Shekarar da Na Yi wa Turawa Gyara a Buhun Zoɓo

Da sunan Allah nake fara wannan babi, kuma ina so ku karanta shi a zaune, don akwai maganar da zan warware muku. Kun taso kuna jin yara suna tsokanar Goggo Lami, ƙanwar kakanku, da sunan Mai Gyaran Turawa, kuna dariya, ita ma tana dariya har da tafa hannu. Kowa a garin nan ya san labarin tsohuwar da ta cusa citta a buhunan zoɓon da za a kai ƙasar waje, saura ƙiris ta jawo wa mata arba'in asarar noman shekara. To, ba ita ba ce. Ni ce, uwarku, Malama Asabe, wadda ta yi shekara talatin a firamare tana gaya wa 'ya'yan mutane su karanta umarni kafin su amsa tambaya. Goggo ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba tana raye. Ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, yanzu sai ku ji yadda aka yi.

A nan wajenmu, tsakanin Tsanyawa da Bagwai, gonaki a manne suke da juna, shi ya sa zoɓo ba ya samun gona tasa. A bakin iyaka ake jera shi, kowa ya san inda nasa ya tsaya, kuma tun kaka da kakanni na mata ne. Mu muke ɓare shi, ƙaiƙayinsa ya ci mana hannu, mu shanya, dillalai su zo su kwashe a kwano su kai kasuwar Dawanau. Da na yi ritaya zaman gida ya ishe ni, sai na tara matan unguwa muka yi ƙungiya don mu riƙa haɗa namu wuri ɗaya. Suka ɗora mini shugabanci, ba don sun fi sona ba, don dai ni ce mai biro. A lokacin yayarku Rabi ta gama karatu, ta samu aiki a Kano wajen wani Alhaji mai fitar da kaya daga Dawanau zuwa ƙasashen waje. Aikinta cike takardun kwastan. Ita ce ta matsa wa Alhajin ya sayi namu kai tsaye, ta ce masa zoɓon uwarta ba ƙasa ba tsakuwa, in aka ga wani abu a ciki ita za a tambaya. Ya yarda da buhu ɗari biyu, za a haɗa da na wasu garuruwa a cika kwantena, wato ƙaton akwatin ƙarfen nan da ake ɗora wa jirgin ruwa a Legas.

Murna muka yi kamar an yi mana albishir da kujerar Makka. Amma ni akwai abin da ya hana ni sakat. A tarbiyyar da aka yi mana, ba a sayar wa mutum abu a miƙa masa daidai wa daida. Mai ƙosai za ta ƙara maka ɗaya, mai gero in ya gama awo ya watsa maka tafi guda a kai. Gyara ke nan, kuma wanda ba ya ba da gyara ana yi masa kallon mai busasshen hannu. Mai sayen kwano ɗaya ma ana yi masa, balle wanda ya sayi buhu ɗari biyu daga uwa duniya. Ban da haka kuma, na tabbata mutanen can ba su iya haɗa zoɓo ba. Za su jiƙa shi haka nan salam, su kurɓa, su ce zoɓon Kano ba daɗi. Wannan tunani ya tsaya mini a rai. Ranar kasuwar Tsanyawa na hau mota na je na sayo busasshiyar citta da kanumfari, na yayyanka wani farin ƙyalle, na kira Goggo Lami ta taya ni ƙullawa. Muka yi ƙulli ɗari da talatin citta ta ƙare. Washegari da safe, kafin maza su zo da basilla su ɗinke, na bi buhunan ina tura hannu har gwiwa ina binne ƙulli a tsakiya, har kwando ya ƙare. Aka ɗinke, aka jibge su a sito, masu ƙulli da marasa shi duk suka cakuɗe. Ban da Goggo, ban gaya wa kowa ba. Ina ta hango wani Bature yana buɗe buhu ya ci karo da ƙullina, ya ce lallai waɗannan mutanen gidan mutunci suka fito.

Ranar Alhamis da hantsi Rabi ta iso, motar ɗaukar kaya kuma Asabar za ta zo. Ta duba buhuna, ta ɗauki hoto, sannan ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida, don nan kaɗai waya take kamawa. Ni da Goggo muka zauna kusa da ita muna kallo.

"Inna, duk abin da ake saye da sayarwa a duniya yana da lambarsa a littafin kwastan," in ji ta. "Lambar ce take nuna harajinsa da takardun da zai bi da su. Da sai in wuni ina buɗe littafi. Yanzu wannan manhajar nake fara tambaya, ƙirƙirarriyar basira ake ce mata. In kwatanta mata kaya, ta nuna mini lambar da ta fi dacewa, in koma littafi in tabbatar, sannan in sa hannu."

Ta ƙara muryar wayar don mu ji. Abin yana magana da Hausa tiryan-tiryan irin ta masu karanta labarai a rediyo, sai dai ba ya gaisuwa da kyau, ko gajiya bai tambaye mu ba. Ya ce zoɓon ɗanye ne ko busasshe? An niƙa shi ko yana nan yadda aka ɓare? Na sha ne, ko na magani, ko na rini? An yayyafa masa wani abu? Rabi tana amsawa, yana ƙaro wata.

"Wannan ai Sarkin Tambaya ne," in ji Goggo. "Ko wanda ya zo neman auren Rabi ba za mu yi masa haka ba."

Muna cikin dariya ya ce, akwai wani abu a cikin buhunan ban da zoɓo, komai ƙanƙantarsa?

"Babu," in ji Rabi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na dubi Goggo, Goggo ta dubi rassan tsamiya kamar yau ta fara ganinsu. Na buɗe baki zan yi magana, sai wata zuciyar ta ce ai tambayar kayan sayarwa yake yi, kyauta kuwa ba ruwan kowa da ita. Na ja bakina na yi shiru. Ya ba Rabi lamba, ta rubuta, ta ce sai gobe za ta sa hannu in ta ƙara dubawa.

Da azahar aka kawo dambu na kasa ci. Na samu Babanku a zaure yana gyaran fartanya, na tsuguna na gaya masa komai, ina sa ran zai ce ba komai. Kun san halinsa. Ya ajiye fartanya ya yi dariya har da share hawaye.

"Malama, ke da kike cewa mu ne ba mu yi boko ba? To ni dai ban san kwastan ba, amma na san in aka tambayi 'yata abu ta ce babu alhali akwai, ƙarya ta yi, ko ta sani ko ba ta sani ba."

Na ce masa ba fatawa na zo nema ba, na tashi na bar masa zauren. Amma maganar ta bi ni. Bayan la'asar na koma gindin tsamiya, na zauna ina gyara ɗankwali, na ce wa Rabi ina da tambaya ga Sarkin nata.

"Tambaye shi, a ce wata mata ce a wani gari can nesa, ta sa 'yar kyauta a buhu. Citta haka da kanumfari, ɗan ƙulli. Ba sayarwa ba, gyara."

Rabi ta dube ni ta daɗe, sannan ta maimaita masa. Ya amsa a natse, ba faɗa ba gori. Ya ce kwastan ba sa duba ko kyauta ce ko ciniki, abin da ke cikin buhu suke dubawa. Citta tana da lambarta daban, kanumfari yana da tasa, kuma kowanne sai da takardar masu duba lafiyar tsirrai. Duk abin da aka samu a kaya ba ya cikin takarda, ana iya ɗaukarsa a matsayin ɓoyayyen kaya, a tsare kwantenar gaba ɗaya, kuma wanda ya sa hannu shi zai amsa. Ya ce shi shawara yake bayarwa, a tuntuɓi ejan, wato wakilin mai fitar da kaya a wajen kwastan, kafin a yanke hukunci. Daga nan ya tambaya, ƙulli nawa ne, kuma an san buhunan da suke ciki?

Ban san lokacin da na ce, "Ɗari da talatin ne, kuma sun cakuɗe," ba.

Kunyar da na ji ranar nan ban taɓa jin irinta ba, kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai, Rabi ba ta ɗaga mini murya ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Inna, sunana ne a takardar." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta kira ejan, ya tabbatar da maganar Sarkin Tambaya, ya ƙara da cewa takardar citta ba ta samuwa kafin Asabar. Ya kuma ce ba kowane buhu ake buɗewa a tashar jirgi ba, wani lokaci kaya su wuce ba a taɓa ko ɗaya ba. Na ga hanya biyu a gabana. Ko mu yi shiru mu bar wa sa'a, ko in tara mata arba'in in ce su farke buhu ɗari biyu da aka sha wuya aka ɗinke. Ba zan ɓoye muku ba, hanyar farko ta yi mini daɗi na ɗan lokaci, don ina son girmana. Amma na dubi yarinyar nan da ta tsaya gaban mai gidanta ta ce zoɓon uwarta tsaf yake. Na ce a aika gida-gida, gobe da safe kowa ta zo da wuƙa da tabarma.

Da safiyar Juma'a suka cika filin gaban sito, kowa da guna-guninta. Na miƙe zan yi bayani, sai Goggo Lami ta buga sandarta a ƙasa ta riga ni.

"Ni na sa! Ni na sa wa Turawa gyara. Wadda uwarta ta koya mata sayar da abu ba gyara ta fito ta zage ni."

Aka fashe da dariya. Wata ta ce Goggo so take Bature ya biyo ƙamshin kanumfari ya zo ya aure ta. Goggo ta ce in yana da haƙora ya zo, ita nata sun ƙare. Shi ke nan faɗa ya mutu tun bai tashi ba. Na matsa kusa da ita na ce, Goggo, wannan ba daidai ba ne. Ta finciko mayafina ta raɗa mini a kunne.

"Rufe mini baki. In tsohuwa ta yi wauta dariya za a yi. In shugaba ta yi, ƙungiya ce za ta watse, dillalai su dawo da kwanonsu. Kada ki kuskura ki faɗa ina numfashi."

Na yi shiru, kuma shirun nan ya daɗe yana damuna, duk da ita daɗin sunan ta riƙa ji.

Aikin ranar kuwa biki ya zama. A farke buhu, a zazzage a tabarma, a baza, a mayar, maza su ɗinke. Duk wadda ta tsinci ƙulli sai ta ɗaga shi sama a yi mata guɗa, ta jefa a kwando, ni kuma in ja layi a allo da alli. Mata suka tsiri waƙa nan take suna sa sunan Goggo a ciki, ita kuma tana zaune a kujera tana ba da umarni kamar ita ta haifi garin. Hannuwanmu suka yi jawur, ƙaiƙayi ya hana kowa sakewa, maza suka tafi masallacin Juma'a suka dawo suka same mu a kai. Rana na faɗuwa aka ɗinke buhu na ƙarshe. Na ƙirga layukan allo, na juye kwando na ƙirga ƙulli. Ɗari da ashirin da tara. Na sake ƙirgawa, Rabi ma ta ƙirga. Ɗaya babu.

Asabar da safe mota ta iso, direba yana ta danna oda, Alhaji yana kiran Rabi a waya yana cewa sauran garuruwa duk sun loda, mu kaɗai ake jira. Matan suka ce haba, ƙulli ɗaya a buhu ɗari biyu, wa zai gan shi? Wataƙila ma tun farko Goggo ce ta yi kuskuren lissafi. Ni kuwa na san hannuna ya ƙirga ɗari da talatin. Rabi tana tsaye da takarda da biro, ba ta ce za ta sa hannu ba, ba ta ce ba za ta sa ba, ni take kallo. Na ce wa direba ya kashe mota ya sauko a ba shi fura. Na ɗauki wuƙa da kaina na nufi buhun farko, na ce za a sake buɗe su duka, wadda ta gaji ta tafi gida ba na jin haushinta. Ba wadda ta tafi, sai dai na sha harara.

Mun farke kamar buhu goma sai ga Babanku ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya tambayi me ake nema kuma. Aka gaya masa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, wai farin ƙullin nan da aka tara a kwando a tsakar gida kwanakin baya? Na ce shi. Ya sa hannu a aljihun taguwa ya zaro wani ƙyalle da ya yi dauɗa, saura 'yar citta guda biyu a ciki.

"Ai na ga suna da yawa ne, na ɗauki ɗaya ina sawa a shayi. Ban san da lissafi kuka yi su ba."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Goggo ta bi shi da sanda tana cewa ɗan yayanta ya cinye gyaran Turawa, shi kuma da furfurarsa yana zagaya mota yana ba da haƙuri. Direba ya ƙware da fura saboda dariya. Ni na zauna daɓas a kan buhu, ban san dariya nake ko kuka ba. Rabi ta ɗora takarda a bayan motar ta sa hannu, aka loda kaya, ta bi su don ta raka kwantenar har Legas. Cittar da kanumfarin kuwa muka raba wa matan, garin nan ya yi wata guda yana shan zoɓo mai yaji.

Kwana goma sha ɗaya ban ji daga gare ta ba sai gaisuwa. Ran nan da hantsi ina tankaɗe waya ta yi ƙara, na ruga gindin tsamiya da gari a hannuna.

"Inna, sun buɗe namu," in ji ta. "Buhu tara suka zaɓa, suka zazzage a ƙasa, suka bi shi da hannu har ƙasa."

Na ce, "Sai me?"

"Sai zoɓo. Sun buga hatimi, kaya sun shiga jirgi."

Na jingina da tsamiya ina ta hamdala. Buhu tara. Da na bi son girmana, da wuya a ce ba a ci karo da ƙullina a ɗaya daga ciki ba, kuma da 'yata ce za ta tsaya gaban jami'ai ita kaɗai a garin da ba ta da kowa. Abin da na kasa faɗa mata ido da ido sai na faɗa a waya. Na ce Rabi, ki yafe mini, na kusa ɓata miki suna. A wajenmu uwa ba ta saba faɗar haka ga 'yarta ba, ita ma ba ta saba ji ba. Can na ji tana jan hanci, sannan ta yi dariya.

"Inna, na zauna da Sarkin Tambaya da ejan mun duba maganar nan. Ba a hana gyara ba, ɓoye shi aka hana. Baɗi layi uku zan rubuta a takarda, zoɓo da citta da kanumfari, kowanne da lambarsa, a buhunsa daban. Sai ki rubuta musu yadda ake haɗawa, in juya musu da Turanci."

Na ce to, amma ta gaya musu kada su cika ruwa.